Tambaya da Amsa: In gina imej ɗina, ko in kwafi wanda ya yi aiki?

Tambaya: Ni malami ne a Zariya. Makarantarmu ta samu ƙananan kwamfutoci Raspberry Pi 4 guda goma sha biyu, muna so yara su riƙa karanta Wikipedia ta Kiwix ba tare da intanet ba. An ce sai na gina imej ɗina da Yocto, wato fayil ɗin da ke ɗauke da duk manhajojin da za a rubuta a katin memorin Pi. Haka ne?

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri kan wannan ƙoƙari. Amma Yocto ba naka ba ne a yanzu. Shi da Buildroot, kayan aikin gina imej tun daga tushe, an yi su ne domin masu ƙera na'urori da yawa, waɗanda ke son tace kowace manhaja da za ta shiga ciki. Ginin farko kaɗai yana cin sa'o'i da data mai yawa, ga koyonsa ba na kwana ɗaya ba.

Abin da zai fisshe ka shi ne ka ɗauki Pi guda, ka sa mata babbar manhajarta, Raspberry Pi OS, ta amfani da Raspberry Pi Imager, ka ɗora Kiwix da duk abin da yaran ke buƙata, ka yi ta gwadawa har ranka ya kwanta. Sai ka cire katin memorin, ka kwafe shi gaba ɗaya zuwa kwamfutarka. Wannan kwafin shi ne imej ɗinka, wanda za ka rubuta a katunan sauran.

A nan ake yawan tuntuɓe. Katuna biyu da aka rubuta wa 32GB ba lallai girmansu ya zo daidai ba, sai ka ga rubutu ya tsaya ana dab da gamawa. Ka matse imej ɗin da PiShrink tukuna. Idan ya tashi a sabon kati zai buɗe kansa ya cika shi. Sannan duk kwafin za su fito da suna ɗaya da makullan SSH (na shiga Pi daga wata kwamfuta) iri ɗaya, kamar 'yan aji da aka raɗa wa duka suna Musa. Ka canza wa kowace suna, ka sa ta samar da makullanta.

Abin da na fi damuwa da shi kuwa wuta ce. Idan aka ɗauke ta alhali Pi na cikin rubutu a kan kati, fayiloli na iya lalacewa, gobe ka kunna ta ƙi tashi. Bayan kowace Pi ta cika katinta, ta samu sunanta da makullanta, shiga raspi-config, wato manhajar saitunan Pi, ka kunna Overlay File System. Daga nan canje-canje a RAM suke tsayawa, katin ba a taɓa shi. Amma ka sani duk abin da yaro ya ajiye zai ɓace idan an kashe, don haka a tanadi filashi. Ranar da ka ga kana sake wannan aikin kowane zango, to lokacin koyon pi-gen ya yi, wato abin da masu Raspberry Pi ke gina nasu imej da shi.

Tambaya: Na ga Orange Pi ta fi Raspberry Pi araha. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ciro kuɗi, duba ko ainihin samfurin yana cikin waɗanda Armbian, masu gina imej na irin waɗannan kwamfutoci, ke kula da su. Imej ɗin Raspberry Pi ba zai tashi a kanta ba, don na'urorin cikinsu da hanyar tashinsu daban ne. Idan kamfanin ya saki imej ɗaya da tsohon kanel (wato zuciyar babbar manhajar) ya yi shiru, rarar da ka samu za ta tafi a wahala. Mai fara koyo dai, Raspberry Pi nake ba shi shawara, saboda yawan masu taimako.

Tambaya: Wane kati da wace caja zan saya wa Pi 5?

Amsa: 'Yar'uwa, nemi kati mai alamar A1 ko A2, ki gwada shi da H2testw ko f3 tun kafin ki ɗora komai, don jabu sun yi yawa a kasuwa. Caja kuma ki sayi mai bayar da 5V 5A. Da mai 3A za ta tashi, sai dai za ta rage wutar da take ba kayan USB.