Ɗalibi a Amurka zai iya ba 'yan siyasa gudummawar kuɗi?

Ɗan'uwa, ka ce saƙonni sun ishe ka ana roƙon dala 10 ta shafin tara gudummawa na ActBlue don a matsa wa Majalisar Dokokin Amurka kan wani ƙuduri, alhali da bizar karatu kake zaune.

Kada ka biya. Dokar tarayya ta hana baƙo ba ɗan takara, jam'iyya ko kwamitin zaɓe kuɗi, sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. ActBlue, wadda aka kafa a 2004, hanya ce ta tura kuɗi ga 'yan Dimokurat da ƙungiyoyin masu ra'ayin sauyi, kuma kafin ka biya za a sa ka tabbatar kana da wannan matsayi. Ƙarya a nan na iya taɓa takardunka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu miƙa wa aboki ɗan ƙasa kuɗi ya biya da sunansa. Wannan ma laifi ne, ku biyun duka zai shafa.

Ko mai girin kad ɗin ma ya duba da kyau, wasu fom ɗin sukan zo an riga an zaɓa maka biyan wata-wata, kuma in gudummawar zaɓen tarayya ce, sunanka na shiga rajistar FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin kamfen, wadda kowa ke iya gani.

In ƙudurin ya dame ka, kira ofishin ɗan majalisar yankinka ka faɗi ra'ayinka, ko ka yi aikin sa-kai ba da biya ba. Idan kuwa ka riga ka tura kuɗin, nemi a mayar maka, sannan ka ga lauyan shige da fice.