An taɓa kashe mutane a gidan da zan sayar, dole ne sai na faɗa wa mai saye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mutumin Jos ne, ina da gida a wajen Nasarawa Gwom da na saya tun 2011, kuma gaskiya da araha na same shi saboda a rikicin 2008 an kashe mutum uku a ciki aka kuma sa masa wuta, magadan suka ce ba za su iya komawa ba suka sayar. Na gyara shi tsaf, na sake kwano da silin, na yi filasta da fenti na sa tayil, na zauna da iyalina sama da shekara goma ba mu ga komai ba sai alheri. Yanzu aiki ya maida ni Abuja ina so in sayar, an samu wani bawan Allah daga Bauchi har ya ba da kafin alƙalami, bai san labarin ba kuma bai tambaya ba. Dillali ya ce in ja bakina in yi shiru, wai abin da ya wuce ya wuce kuma ai camfi ne, in na faɗa mutumin zai gudu ko ya nemi ragi. Malam in na yi shiru ina da laifi wajen Allah? tunda ba ƙarya na yi masa ba.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma zaunar mana da garinmu lafiya. Ɗan uwa abin da nake gani shi ne wajibi ne ka faɗa masa kafin a kammala cinikin, kuma wallahi na ji daɗi da zuciyarka ta ƙi natsuwa da shawarar dillalin har ka tambaya.

Amma bari in fara da inda dillalin ya yi gaskiya, don a rabin maganarsa akwai gaskiya. Gidan nan ba shi da laifin komai. Ƙasa ba ta ɗaukar zunubin wanda ya zubar da jini a kanta, kamar yadda Salmanul Farisi ya rubuta wa Abu Darda'i cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi, wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Masallacin Annabi (SAW) kansa a Madina, filin Banu Najjar ne da ke da kaburburan mushrikai da kangaye da dabino, aka tone kaburburan aka baje kangayen aka gina mafi albarkar wuri bayan Haramin Makka. Sannan maganar fatalwa, wai kurwar wanda aka kashe tana yawo a gida da dare tana neman fansa, Larabawan jahiliyya ma suna da irinta, suna cewa ran wanda aka kashe yana zama tsuntsu kamar mujiya yana kuka a kan kabarinsa har sai an ɗau masa fansa, sunanta haamah, kuma Annabi (SAW) ya kore ta a hadisin da ya kore camfi, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Saboda haka zamanka a gidan halal ne, sallarka a ciki ta yi, sayar da shi ma halal ne.

Toh amma tambayarka ba a kan fatalwa take ba, a kan kuɗin ɗan uwanka take. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada mu ci dukiyar juna da ɓarna sai dai kasuwanci bisa yardar juna, kuma yardar da aka gina a kan ɓoye abin da in an sani ba za a yarda ba, ba cikakkiyar yarda ba ce. Mu nan da muka tashi da karatun Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaure, marubucinsa Ibn Abi Zaid ya faɗi ƙa'idar a babin ciniki da lafazin da ya yi kamar don kai aka rubuta shi: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambace shi mai saye zai ƙi shi, ko kuma ambatonsa zai rage masa farashi. Ka auna da kanka. Kai ka ce da araha ka samu gidan saboda wannan labarin, dillali kuma ya ce in ka faɗa mutumin zai gudu ko ya nemi ragi, ka ga ku biyun nan kun riga kun ba da shaidar cewa labarin yana taɓa farashi. Ka saya da ragin labarin, ba zai yiwu ka sayar kamar babu labarin ba.

Maganar cewa ba ƙarya ka yi ba kuwa, mai tsibin abincin nan da Annabi (SAW) ya wuce a kasuwa shi ma bai furta ƙarya ba, jiƙaƙƙen kawai ya sa a ƙasa busasshen a sama. Annabi ya cusa hannunsa ya ji laima, ya ce don me ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. A hadisin Hakim bin Hizam kuma abu biyu aka haɗa, in masu ciniki suka yi gaskiya kuma suka bayyana sai a sa musu albarka, in suka ɓoye kuma suka yi ƙarya sai a shafe albarkar. Ɓoyewa aka ambata daban, ƙarya daban.

Na san wani zai ce ai tsoron irin wannan gidan camfi ne, me zai sa shari'a ta kula da camfin mutum? Akwai ma masu ilimin da ke ganin tunda amfanin gidan bai ragu ba, ba aibi ba ne sai in an tambaya. Ina girmama wannan fahimtar amma ban gamsu da ita ba a irin halinmu na Jos. Na farko malamanmu na Malikiyya al'ada suka sa ta zama ma'aunin aibi, har kuɗin cizo in ya yi yawa a gida da mugun maƙwabci sun lissafa a cikin aibin gida, alhali bango da rufi lafiyarsu ƙalau. Na biyu, matar nan da ta zo ta ce wa Annabi (SAW) mun zauna a wani gida muna da yawa da dukiya sai muka ragu dukiyar ta tafi, bai ce ta daure ta zauna ba, cewa ya yi su bar shi, saboda zuciyar da ta ƙyamaci wuri ba a tilasta mata. Gyaran aƙidar mai saye da nasiha ake yi a fili, ba da ɓoye masa ba.

Kuma a gaskiya ba duka camfi ba ne. Duk wanda ya ga rikicin Jos na Juma'ar 7 ga Satumba 2001, ya ga na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, ya san yadda garin nan ya rabu, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa. Mu 'yan gari mun san wane layi ne bakin iyaka, wane ne ake kwana ido biyu in an ji ƙishin-ƙishin. Baƙo daga Bauchi bai sani ba, kuma sanin cewa an taɓa shiga gidan nan an kashe mutane bayani ne a kan tsaron matarsa da 'ya'yansa, haƙƙinsa ne ya auna da kansa. Sannan ga wutar. Bulon da ya sha wuta ba ɗaya yake da lafiyayye ba, in ba rushe bangon ka yi ka sake ba to filasta da fentin nan su ne busasshen hatsin da ke sama, wannan kam babu saɓani a kansa, ko da ba a kashe kowa ba dole ka ce gidan ya taɓa ƙonewa.

Kuma ɗan uwa labarin nan ba ya ɓoyuwa. An taɓa kawo min irin wannan rigimar, mutumin ko wata bai cika da tarewa ba matarsa ta shiga gidan suna a maƙwabta, wata tsohuwa ta kalle ta ta ce ke ce a gidan da aka yi abin nan? sannu da ƙarfin hali. A daren ta kwashe yara ta tafi gidansu, shi kuma ya zo min idonsa jajir, abin da yake ta maimaitawa shi ne da wanda ya sayar min ya faɗa min wallahi da zan iya saya a hakan, amma ya maida ni wawa.

Yadda za ka faɗa ba sai ka tona komai da komai ba. Ka zaunar da shi ka ce Alhaji akwai abin da nake so ka sani, a rikicin 2008 an rasa rayuka a gidan nan kuma ya ƙone, ga gyaran da na yi, na zauna shekara kaza lafiya lau. Shi ke nan. Ba ruwanka da sunayen mamatan ko yadda aka yi musu ko wa ake zargi, wannan tayar da mikin iyalansu ne kuma yana iya hura wata wutar. A sa a takardar yarjejeniya a gaban shaidu cewa an sanar da shi. In ya ce ya fasa ka maida masa kafin alƙalaminsa cif, don a kan rashin sani ya bayar. In ya nemi ragi ku daidaita, ba dole ne ka karɓi tayin da bai yi maka ba, kana iya jiran wani.

Ba kowace mutuwa ake faɗa ba fa, kar waswasi ya shiga. Tsoho ya rasu a ɗakinsa ko mace ta rasu wajen haihuwa, wannan babu gidan da ba a yi, al'ada ba ta ɗauke shi aibi ba. Haka jita-jitar da ba ka tabbatar ba. Sai dai in an tambaye ka kai tsaye, nan kam gaskiya kawai.

Da a ce ka riga ka sayar a ɓoye, mai saye yana da zaɓi idan ya gano, ya riƙe ko ya maido ya karɓi kuɗinsa in aibin babba ne, matuƙar bai nuna ya yarda ba bayan ya sani, in kuka yi saɓani kan girmansa alƙali da masana farashin gidaje a unguwar za su raba ku. Ko lauya ya ce maka dokar ƙasa ba ta tilasta ka ba, wannan bai sauke maka nauyin ba. Shi ma dillalin ka gaya masa ya ji tsoron Allah, wanda ya san aibi ya taya ɓoyewa don la'adarsa ta yi kauri yana da kaso a zunubin.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna: ka koma ka duba cinikinka na 2011. Magadan nan duka suka yarda, ko mutum ɗaya ne ya sa hannu a madadin kowa? Akwai marayu ƙanana a lokacin, kuma kasonsu ya isa gare su? Gidaje da yawa an sayar da su cikin firgici da gaggawa a shekarun nan, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. In komai ya tafi daidai alhamdu lillah, in kuma akwai wanda aka tsallake to ka neme shi ku warware kafin gidan ya koma hannu na uku.

Wallahu a'alam.