Na karye wata huɗu da suka wuce, ya halatta in ɓoye in cike fom ɗin soja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata 21, tun ina sakandare ba ni da burin da ya wuce shiga soja. Wata huɗu da suka wuce na faɗi a babur na karye a ƙwaurin ƙafar dama, maɗori ya ɗora ni, yanzu an kwance ina takawa ba sanda, sai dai in na yi gudu ya ɗan yi nisa wajen yana min zogi har ya kumbura da daddare. An buɗe fom kuma na ji wajen gwajin lafiya suna tambaya ko mutum ya taɓa karaya. Wani mai karatu a unguwarmu ya ce in ce musu a'a, in ƙudurta a raina cewa yanzu ba ni da ita, wai tauriya ce, kuma ai Amru bn Jamuh gurgu ne amma ya je Uhudu. Wani kuma ya ce in na kawo kuɗi zai wuce da ni. Mahaifiyata ita ma ba ta so. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya ɗana, ya sa kaffara ce. Aikin soja da niyyar kare rayuka da dukiyar jama'a halal ne kuma akwai lada, wannan ba sai mun tsaya a kai ba. Kuɗin da za a wuce da kai kuma cin hanci ne, haramun, ka rufe wannan babin.

Abin da na riƙe a tambayarka shi ne inda ka ce in ka yi gudu wajen yana zogi har ya kumbura. Da ce min ka yi ka karye shekara biyar da suka wuce, ka warke sarai kana buga ƙwallo, likita ya duba ya ce ba komai, da sai in ce cike fom ɗinka, in an tambaye ka ka faɗi gaskiya, in ba a tambaya ba babu laifi a shirunka. Amma kai ƙafarka tana gaya maka ba ta gama warkewa ba, kuma ka sani, shi ya sa ma kake neman hanyar ɓoyewa. Ƙashin ƙwauri yana cikin ƙasusuwan da suke jinkirin kamawa, a jikin babba yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida, wani ma ya fi haka kafin ya iya ɗaukar wahala, kuma takawa ba sanda daban, gudu da takalmin soja da kaya a baya daban. Saboda haka a halin da kake ciki neman shiga ba haramun ba ne, ka je ka faɗi gaskiya su yanke, amma musun karayar ko ɓoye ta in an tambaye ka haramun ne, ƙarya ce da algus a wuri ɗaya.

Yanzu maganar tauriya, wato mutum ya faɗi magana mai fuska biyu, mai sauraro ya fahimci ɗaya shi kuma yana nufin ɗayar, don na ga samari da yawa sun riƙe ta kamar makullin da yake buɗe kowace ƙofa. Ita tauriya malamai sun yi mata iyaka, Imamun Nawawi a cikin Al-Azkar ya bayyana cewa in aka bi ta cikinta don a karɓi abin da ba na mutum ba ko a danne haƙƙin wani to ta zama haramun. Wanda ake zalunta ne yake fakewa da ita, kamar yadda Annabi Ibrahim (AS) ya ce da matarsa 'yar'uwarsa ce a gaban azzalumin sarki. To kai wa yake zaluntarka? Likitan da ya zauna don ya tabbatar ba a tura mai rabin ƙafa daji ba? Wannan tambaya haƙƙinsa ce, an ɗora shi ne don ya yi ta. A Sahihu Muslim an ce rantsuwa tana kan niyyar wanda ya rantsar da kai, kuma daga nan malamai suka fahimci cewa duk inda mai tambaya yake da haƙƙin sanin amsa, abin da shi yake nufi ake dubawa, abin da ka murɗa a zuciyarka ba ya aiki. Shi ya ce ka taɓa karaya, kai ka ce a'a, to ka yi ƙarya, ko da ka ƙudurta abu goma a ranka.

Shi kuma Amru bn Jamuh (RA), wallahi ƙissarsa hujja ce a kan mai wannan fatawa. Gurguntarsa a fili take, duk Madina an sani, 'ya'yansa ne ma suka so hana shi fita, sai ya tafi wajen Annabi (SAW) da ƙafarsa a yadda take ya kai ƙara, Annabi ya gaya masa Allah ya yi masa uzuri, sannan ya ce wa 'ya'yan su ƙyale shi. Ina ɓoyewa a nan? Shugaba ya gani da idonsa, ya ba da izini. Kuma a wannan yaƙin dai na Uhudu aka jera mutane aka tantance su, aka mayar da Abdullahi bn Umar gida yana da shekara 14, sai a Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi, bai je ya ƙara wa kansa shekara ba, ya koma ya jira. Rafi'u bn Khadij an karɓe shi don ya iya harbi, Samura bn Jundub ya ce ai ni ina kayar da Rafi'u, aka sa su kokawa ya kayar da shi sannan aka karɓe shi. Ka ga tantance mayaƙa sunna ce tun asali, wanda ya ga ya isa a gaban mai tantancewa yake nuna isarsa. Don Allah ka gaya wa wannan ɗan'uwa cikin ladabi ya daina ba yara wannan fatawar, ƙafafun mutane yake wasa da su.

Sannan cutarwar ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba. Horon kurata a Daffo, wato sansanin horar da sabbin sojoji na Zariya, kusan wata shida ne, gudun asuba, fareti, tsallen kwaɗo, tafiya mai nisa da kaya, lafiyayyen ƙashi ma yakan tsage a irin wannan balle wanda bai gama kamawa ba, in ya sake ɓallewa a wuri ɗaya gyaransa ya fi na farko wuya, sai ka rasa aikin ka kuma dawo da ɗingishi na har abada. In kuma ka daure ka fita aka kai ka dajin Zamfara ko Sambisa, ranar da ƙafar ta ci amanarka mutum biyu ne za su ajiye bindigarsu su ɗauke ka ana ruwan harsashi. Ga kuma wani yaro lafiyayye da ka zauna a gurbinsa.

Abin da nake so ka yi a satin nan, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙafar, in da hali ka ga likitan ƙashi, irin na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa da kai. Ban raina maɗora ba, mun ga waɗanda Allah ya ba su hannu, amma ido ba ya ganin cikin tsoka, zai yiwu ƙashin ya kama a karkace ko bai haɗe duka ba, kumburin nan ba a banza yake ba. Ka dakatar da gudun har sai likita ya ce ka fara. Ka ajiye hoton da takardar, ranar tantancewa ka miƙa da hannunka.

Na san abin da yake cin ranka shekaru ne, kana tsoron su wuce ka. Shekararka 21, ba daga wannan ɗaukar aka rufe ƙofa ba, ana sake buɗewa. Kuma tun yanzu ina ja maka kunne, kar wani ya kai ka kotu a yi maka takardar rage shekaru, rantsuwar ƙarya ce ita ma.

Maganar mahaifiyarka ka sa ta a ƙarshe kamar ƙaramin abu, ni kuwa a wajena ta fi ƙafar nauyi. Wannan aiki ba farilla ba ne a kanka kai kaɗai, kuma ka san ƙissar mutumin da ya zo wajen Annabi (SAW) neman izinin fita yaƙi ya mayar da shi wajen iyayensa. Ita ce ta yi jinyarka wata huɗu, ta ga yadda ka kwana kana nishi, kar ka je ka cike fom a shagon intanet a bayan idonta. Ka warke tukuna, ka nuna mata takardar likita, ka samu kawunka ko wani babba da take jin nauyinsa ya yi mata magana, ka yi istihara, in ta sa maka albarka sai ka tafi.

Wallahu a'alam.