Kaset ko had-disk: amsa ga mai son kafa situdiyo a ɗakinsa

Ka ce ka ga tsohuwar na'urar ADAT, mai ɗaukar sauti a kan kaset, wadda mai ita ke neman rabuwa da ita, kana tambaya ko ka ɗauke ta ka kafa situdiyo a ɗakinka, ko ka nemi mai had-disk. Ka kuma ce an gaya maka sautin kaset ya fi zaƙi da kauri. To, zauna, bari mu fara da wannan magana ta biyu, don ita ce take sa yara irinku su zubar da kuɗinsu.

Wanda ya gaya maka haka ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Kaurin da ake yabo na tsohon tef ne, irin mai faɗin inci biyu da ke juyawa a kan manyan faya-fayai, wanda sauti ke hawa kansa a matsayin maganaɗisu kai tsaye. Irin wannan idan ka matsa masa da ƙarfin sauti, sai ya lanƙwashe shi a hankali, kunne ya ji daɗi. ADAT ba haka take ba. Abin da take rubutawa a kan kaset lambobi ne, sifili da ɗaya, daidai da abin da had-disk ke ajiyewa. Kaset ɗin ma'aji ne kawai, ba ya ƙara wa sauti komai. Idan ka ji bambanci tsakanin na'ura biyu, daga sashen da ke juya sauti zuwa lambobi yake fitowa, da makirfo, da ɗakin da aka yi ɗaukar. Kuma ko a kaset ko a had-disk, ranar da ka bari mita mai auna ƙarfin sauti ta haura sifili ta nuna ja, ƙara mai kaushi za ka samu, babu wani zaƙi.

Ba raina ADAT nake yi ba, ɗana. Kamfanin Alesis ya nuna ta a 1991, ta shiga hannun mutane a 1992, kuma ita ce ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofar da a da sai manyan situdiyo. Layi takwas take ɗauka a kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS, wato murya ko kayan kiɗa takwas, kowanne da wurinsa daban. In takwas sun yi maka kaɗan, ka sayo ta biyu ka haɗa su da waya, ka samu 16. Ana iya jera har guda 16 su ba da layi 128. A 1993 Tascam ta fito da DA-88, ita ma layi takwas, amma a kan ƙaramin kaset na Hi8. Kaset ɗin da aka rubuta wa minti 120 yana ba ka kamar minti 40 a ADAT, saboda tana jan sa da sauri fiye da na'urar bidiyo, alhali a DA-88 kana samun minti 108. Shi ya sa masu aikin sautin fim da talabijin suka fi karkata ga Tascam, mawaƙa kuma suka rungumi Alesis.

Amma ka san abin da zama da ita yake nufi kafin ka ɗauko. Sabon kaset ba a fara aiki da shi haka nan. Sai ka tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi, don tef ɗin ya zauna daidai, sannan ka shirya shi, na'ura ta bi shi tana rubuta alamomin lokaci. Kaset na minti 40, minti 40 za ka jira. Mawaƙi ya yi kuskure a baiti na uku, ka mayar da baya, kana jin injinta yana kuka, ka tsaya, ka wuce wurin, ka sake dawowa. In na'ura uku ka haɗa, sai ka danna ka tsaya kana kallon fitilu suna ƙiftawa har ukun su kama juna. Daƙiƙu kaɗan ne, amma ka ninka su sau ɗari a yini, kuma mawaƙin yana tsaye gaban makirfo, abin da yake ji a ransa yana hucewa.

Sai babbar magana: gyara a kan kaset gogewa ne. Idan ka shiga tsakiyar baiti don mawaƙi ya sake layi ɗaya, abin da ke wurin ya tafi har abada. Yatsanka ya riga lokaci da rabin daƙiƙa, ka cinye ƙarshen kalmar da ta yi kyau. Ya makara wajen fita, ka cinye farkon ta gaba. Wannan ya koya wa mutanen zamaninmu natsuwa da sauraro, ban musa ba, amma tarbiyya ce da aka biya da aikin mutane. Kuma ba za ka iya ɗaukar amshin da ya fito da kyau ka dasa shi a wani wuri ba, sai da na'ura biyu da lissafin tazara mai cin rai.

Had-disk ya rushe duk wannan. Babu gaba babu baya a wurinsa: ka sa alama a farkon amshi, ka danna, kana can nan take. Sabon ɗauka ba ya goge tsoho, gefe ake ajiye shi, in bai yi ba ka danna maɓallin janyewa ka koma inda kake. Roland VS-880 da ta fito a 1996 ta zo da layi takwas, kowane layi da gurbi takwas a ƙarƙashinsa, 64 ke nan. Mai jita ya kaɗa sau biyar, ka ajiye duka, daga baya ka tsinci farkon na biyu ka haɗa da ƙarshen na huɗu. Ga mikisa mai haɗa sautuka a jikinta, ba sai ka sayi wata ba. Alesis da kanta ta ga inda iska ke kaɗawa, ta fito da HD24 mai layi 24 a akwati guda, da aljihu biyu da ake zare had-disk a sa wani kamar yadda ake canza kaset. Abin da a da sai ADAT uku da tarin wayoyi.

Wannan sauƙin yana da cutarsa. Yaro ya san komai ana iya gyarawa, sai ya daina cewa mawaƙi "sake, ba ka kama ba". Ya tara ɗauka ashirin, babu ko ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, ya kwana yana yanka da liƙi. Kai dai in ɗauka ta yi, ka ce ta yi, ka wuce.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, wato yadda kowannensu ke cin amanarka. Kaset a hankali yake mutuwa, kuma yana ba da sanarwa. Hed ɗin na'urar, wato abin da ke rubutu da karatu a kan tef, a jikin wani gangan ƙarfe mai juyawa yake, irin na bidiyo, tef yana naɗe da shi yana gogarsa. Datti ya taru ko tef ya fara gajiya, sai fitilar kuskure ta fara ƙiftawa. Da farko na'ura tana cike gurbin da kanta ba ka jin komai, daga baya ka fara jin ɗan tsit ko ƙas. Wannan fitilar tana ce maka ka kwafe aikinka yau. In ma tef ya tauye, daƙiƙu kaɗan ka rasa, sauran waƙar tana nan. Had-disk kuwa yau lafiya lau, gobe ka kunna ka ji yana ƙwas-ƙwas, kuma ba waƙa ɗaya ce a ciki ba, aikin wata shida ne na mutum goma. Haka in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka: kaset ya riƙe duk abin da ya hau kansa har zuwa lokacin, amma a had-disk fayil ɗin da ba a rufe ba yana iya tafiya gaba ɗaya. Don haka na'urar riƙe wuta ta UPS ba ado ba ce, kuma duk aikin da yake wuri ɗaya tak ka ɗauka ba ka da shi. Kafin ka kashe fitilar ɗaki, kwafi biyu, ɗaya ba a cikin ɗakin ba.

Wuri kuwa ba abin damuwa ba ne yanzu. Yi lissafin da kanka: layi ɗaya a bit 24 da kilohaz 48, wato ana auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, kowane awo da lambobi 24, yana cin baiti na kwamfuta 144,000 a daƙiƙa, wajen megabait 8.6 a minti. Layi 24 na waƙar minti biyar, gigabait ɗaya da ɗan ɗoriya. A shekarun 1990 wannan babban kaya ne, shi ya sa na'urori irin VS-880 suke matse sauti don ya shiga. Yau ɗan katin ajiya ya ɗauke shi. Kuma bit 24 ɗin yana da amfani na zahiri. ADAT ta farko bit 16 ce, sai ka riƙa tura sauti kusa da ja don kada na ƙasa-ƙasa ya lalace. Kowane bit yana ƙara kamar desibel shida, wato ma'aunin ƙarfin sauti, saboda haka a 24 kana iya barin mita tana wasa can ƙasa da sifili da desibel 12 ko fiye, mai ganga ya doka yadda ya ga dama, ba abin da zai fashe.

Ita wannan da ka gani, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Na'ura ce da ta haura shekara ashirin ko talatin, robobinta sun bushe, ƙaramar tayar da ke jan tef in ta sulɓe sai ta fara cin kaset. An daina yin kaset ɗin S-VHS, kayan gyara sai an ciro daga wata matacciya, masu iya saita hed kuma sun yi ƙaranci. Tana ƙirga awannin da gangan hed ya yi yana juyawa, sai ka sa mai ita ya nuna maka. In za ka goge hed, ƙyalle marar gashi da sifirit, ka dafa a hankali ka juya gangan da yatsa gefe zuwa gefe. Kada ka goga sama da ƙasa, kada ka sa auduga, hed ɗin zai karye. Tsofaffin masu had-disk ma ba su tsira ba. HD24 irin tsohon had-disk na IDE take so, kuma tsarin rubutunta nata ne ita kaɗai. In ka zare shi ka sa a kwamfuta, za ta ce ba ta gane shi ba, ta tambaye ka ko ta share ta shirya shi. Ka ce a'a. Sannan fanka da had-disk suna da ƙugi, in ɗaki ɗaya ne da makirfo sai ka nisanta su ko ka juya wa makirfo baya gare su.

Shawarata, sabon aiki ka yi shi a had-disk, ko akwati mai zaman kansa ko kwamfuta da na'urar shigar da sauti. Dalili ɗaya ne zai sa in ce ka karɓi ADAT ɗin: in akwai masu tsofaffin kaset da ke son a ceto musu aikinsu. A bayanta akwai ramin wayar haske da ke ɗaukar layi takwas a siririyar waya guda, kuma har yau ana sa wannan rami a sababbin na'urori da sunan ADAT. Ka haɗa ta da kwamfuta, ka sa kwamfutar ta bi agogon ADAT ɗin, wato bugun da ke daidaita saurin fitar lambobinta, in ba haka ba za ka ji ƙas-ƙas a cikin sautin. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ka tura gaba ka dawo sau biyu, ka fitar ka duba gefen tef ɗin ko ya tattare. In ya fito sumul, sannan ka sa na mutane, ka kwashe shi tun a bi na farko.