Amsoshin Tambayoyinku: Abin Ɗaga Injin Mota a Gida

Malam, na gaji tsohuwar Fijo 504 daga mahaifina, ina so in tashe ta da hannuna a tsakar gida. Wane abin ɗaga inji zan saya da ba zai ƙarar min da aljihu ba? — Ma'aikaci daga Zariya

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kuma ba ka ikon kammalawa. Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 mota ce mai karɓar gyara. Amma sau nawa za ka ɗaga injin nan? Sau biyu: ranar fitarwa da ranar mayarwa. Aikin yini biyu bai kai a sayi ƙarfen da zai shekara yana tsatsa a bayan ɗaki ba. Ka je garejin da ka saba, ka yi magana da ogan, ka ɗauki hayar nasa tare da yaronsa guda da ya san hannunsa. Kuɗin hayar da na abincin yaron ba za su kama ƙafar kuɗin sabo ba, balle yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabo tun da aka saki naira a 2023.

In kuwa ka dage sai ka mallaka, ƙasar gidanka ce za ta zaɓa maka. Kiren mai jak, wanda ake turawa a kan ƙananan tayoyi, sai daɓen siminti mai santsi. A kan rairayi tayoyin nutsewa suke, inji na lilo a sama. Tsakar gida mai ƙasa sai cen bulok, wato abin ɗaga nauyi da ake jan sarƙarsa da hannu, na tan 1 a rataye da ƙafa uku ta bututu mai kauri. Masu walda na Panteka a Kaduna za su haɗa maka ita, amma ka tabbata sun ɗaure ƙafafun da sarƙa daga ƙasa don kada su buɗe. A wannan tsarin injin ba ya tafiya, motar ake turawa baya a bar shi a rataye.

Na ga cen bulok a kasuwa an rubuta tan 3, da sunan kamfanin Japan a jiki, kuɗinsa bai kai rabin na sauran shaguna ba. In ɗauka? — Mai gyara a gida, Kano

Kada ka ɗauka. Ka ma gode wa Allah da ka tambaya.

Wannan al'amari na jabu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya sayi caja ta jabu, wayarsa ce ta lalace. Ya sayi cen bulok na jabu, ƙafarsa ce a ƙarƙashi, ko kan yaron da ke leƙa injin. Rubuta Kito ko Vital ko Elephant a jikin ƙarfe ba ya cin komai sai fenti, haka ma rubuta tan 3. Mai shagon zai rantse maka kayan Japan ne, wataƙila ma bai yi ƙarya da gangan ba, shi ma haka aka rantse masa. Araha ba ta ado, malam, a nan kuwa ta wuce batun ado.

Ka bar kallon fentin, ka duba sarƙar da ke ɗaukar nauyi. Sarƙar kirki ana buga mata lamba a jikin wasu zobban, 8 ko 80 ko harafin T, zobbanta duk girmansu ɗaya, waldarsu sumul. Ka ga zobe ɗaya da aka yi wa faci da walda, ka ajiye ka wuce, domin wutar walda tana kashe ƙarfin irin wannan ƙarfe. Ƙugiya kuma ta zo da maƙullinta mai sifirin. In bakinta ya buɗe, an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sai burkin da ke ciki, wanda shi ne ran abin gaba ɗaya. Ka sa a rataya nauyi a gabanka, a ja sama ka ji ƙas-ƙas ɗinsa a jere, a saki sarƙar hannu ka ga ya tsaya cak. In ya zame ko da ɗan yatsa ɗaya ne, magana ta ƙare. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Kuma me za ka yi da tan 3? Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu, har da giyabos, da wuya ya wuce kilo 250. Tan 1 na gaskiya ya wadatar. Son babbar lamba a kuɗi kaɗan shi ne ƙofar da masu jabu suke shigo mana ta ita. Ni dai tsoho na hannu mai asali, irin wanda ake tsinta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta nan Kano in an yi haƙurin zagayawa, ya fiye mini sabo dal mai sheƙi wanda babu lambar kamfani ko takarda a kwalinsa. Masu kiren ma su ji: tan 2 da aka rubuta, na lokacin da hannun yake a taƙaice ne. Da an zaro shi ƙarshe don ya kai tsakiyar mota, lambar da ke gefen ramin ƙarshe na hannun takan nuna rabin tan kawai. Kiren na tan 1 kuwa kilo 250 ke nan a ramin ƙarshe, ka ga babu sarari.

Akwai ƙatuwar bishiyar mangwaro a gidanmu, ga igiyar rijiya, ga ƙarti shida. Me ya sa zan kashe kuɗi? — Matashi daga Gombe

Saboda ɗorin karaya ya fi haya tsada. Na san ana rataya inji a dalbejiya a bakin titi kullum, amma reshe ba ya sanarwa kafin ya tsage, igiya kuma ba ta da burki. Ƙartin nan shida ka kira su tura mota. Katakon rufin ɗaki ma kada ka fara.

Jak ɗin kiren ɗina yana sauka da kansa. In zuba masa man burki? — Daga Maraɗi

A'a. Man burki cinye robobin ciki yake. Man jak za ka zuba, in bai daina ba a canza robobin. Kafin nan, kada ya ɗaga komai.

Ɗana ɗan shekara 19 ya ajiye wata tsohuwar mota a gida wai zai cire injinta. Wallahi ba na iya barci. In hana shi? — Uwa daga Katsina

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoronki yana kan hanya, amma kada ki hana shi. Yaron da ya zaɓi baƙin mai a hannu a kan zaman majalisa, addu'a yake buƙata. Sharuɗɗa za ki gindaya masa, kuma ki tsaya a kansu. Ranar ɗagawa a samu babban makanike a wurin, ko da ke za ki biya. A cire batir, a zubar da mai da ruwan lagireto, a kwance salansa da wayoyi tukuna. Sarƙa ta kama kunnuwan ƙarfen da kamfani ya yi wa injin don ɗagawa, ba bututu ko waya ba. A ɗaga kaɗan, kamar taƙi guda, a dakata a ga komai ya zauna kafin a ci gaba. Babu mai sa hannu ko kai a ƙarƙashin inji yana rataye, kuma da ya fito a sauke shi a kan tsohuwar taya, kada ya kwana a sama. Ƙannensa kuma ki tura su gidan maƙwabta har a gama. Allah Ya yi masa albarka, Ya tsare.