Wa ke naɗa magajin garin Maraɗi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ne a unguwar Bagalam. Na yi zaɓe a watan Disamban 2020, amma ban ga sunan magajin gari a takardar ƙuri'a ba, sai alamomin jam'iyyu. Wa ya zaɓe shi ke nan? Kuma tsakaninsa da gwamna da Sultan, wa ke gaba da wa?

Amsa: Barka kadai, Malam. Idonka bai yaudare ka ba. A ranar 13 ga Disamban 2020 kansiloli ka zaɓa, su kuma suka zauna suka fitar da magajin gari daga cikinsu, wa'adin shekara biyar. Haka dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tsara. Dokokin shekarar ne suka ba Maraɗi matsayi na musamman tare da Yamai, Damagaram da Tawa, shi ya sa garin ke da gundumomi uku, kowace da nata magajin, ga kuma babba a kansu. A wancan tsarin, kansilolin na iya tsige shi da ƙuri'ar rashin amincewa.

Abin da ke ba ni takaici, mutane na raina wannan ƙuri'a, alhali kujerar ta fi kowace taɓa rayuwarka. Takardar haihuwar ɗanka, ta aure da ta mutuwa, daga ofishin magajin gari suke fitowa. Kwashe shara, yashe magudanan ruwa kafin damina, rumfunan kasuwa, tashoshin mota, harajin da kake biya kan shagonka, duk a hannunsa suke. Sai dai a lokacin, kasafin kuɗi majalisar kansilolin ce ke amincewa da shi, nasa aiwatarwa.

Gwamna kuwa daga Yamai ake naɗo shi, wakilin gwamnati ne a jiha, a da yana sa ido kada shawarwarin majalisar su saɓa doka. Sultan uban ƙasa ne. A lokacin sarakuna na da kujera a majalisar, ana jin shawararsu, amma ba sa jefa ƙuri'a.

Sai dai yau zancen ya sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun nan a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. Kantoma na yin aikin magajin gari, amma wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke iya cire shi. In kana da buƙata, fara da mai unguwarku, ku rubuta takarda tare ku kai ofishin gundumarku, ka riƙe kwafi mai hatimi.