Nawa ake ɗauko mota daga Legas zuwa Kano?

Ka ce wani ya buga maka waya yana so a ɗauko masa mota daga Legas, ya tambayi kuɗin ka yi shiru, shi ne kake so in ba ka tsayayyen farashi da za ka haddace. Ɗana, babu shi. Wanda duk ya yanka maka farashi tun bai san wace mota ce ba, kuma a ina take, ko dai zai cuci mai mota ko ya cuci kansa.

Fara da tirelar, kada ka fara da motar mutumin. Abin da muke sayarwa gurbi ne a bayan tirela, don haka sai ka san nawa tafiyar gaba ɗaya za ta ci kafin ka san kason kowa. Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, yana ɗan haurawa in aka bi ta Lokoja da Abuja maimakon Ilori, Jeba da Mokwa. Tirela da lodi takan yi kilomita 2 da rabi zuwa 3 a litar gas ɗaya, to ka ƙaddara lita 400 a tahowa. Nan ne yara irinku ke tsayawa, su manta cewa tirelar nan ba a Legas ta kwana ba. Daga Kano ta tashi, kuma motoci sun fi tahowa Arewa a kan yadda suke gangarawa Kudu, saboda tashoshin ruwan Apapa da Tin Can can suke. In ba a samu abin da za a gangara da shi ba, fanko za ta tafi, ta sha wajen lita 300. Ka ga 700 ke nan. Raba wa motoci 8, kowacce ta ɗauki kusan lita 88. In 6 kawai ka samu, kowacce ta koma kusan 117. Hanya ɗaya, tirela ɗaya, amma dubi tazarar. Shi ya sa mai gaggawa da ba zai jira lodi ya cika ba yake biyan fiye da mai haƙuri, kuma ka yi masa bayanin nan a fili don kada ya ɗauka zalunci ne. Farashin litar kuma a ranar za ka tambaya a gidan mai. Na makon jiya ba ya aiki.

A kan man sai ka ɗora sallamar direba da yaron mota da abincinsu, kuɗin tasha da na ƙungiya, ladan ɗan kamashon da ya haɗa lodin, da abin da ake kashewa a hanya. Ka ware wani abu na taya da birki da juyen mai ko da ba abin da ya lalace, domin kowace tafiya tana cin rabonta daga jikin tirela. Ribarmu a ƙarshe take zuwa.

Yanzu ka koma kan motar mutumin. Corolla da Hilux ba kuɗinsu ɗaya ba. Babbar jif tana da nauyi da tsawo, ba kowane gurbi take shiga ba, wani lokaci takan hana ka ɗora wata motar, to gurbin da ta cinye shi za a biya. Ka tambaya: tana tashi? Tana da birki? Motar da ke hawa da kanta minti kaɗan ne. Wadda ta yi hatsari ko injinta ya buga sai an nemo janwe a can, a sake nemowa a nan, kuma duk a kan mai ita. Ka tambaya a ina take. Wadda aka kawo inda tirela ke lodi daban take da wadda za a shiga cunkoson Apapa a fito da ita. Haka nan Kano: mu a bakin gari muke saukewa, wajen Na'ibawa ko Mariri, tirela ba za ta shiga lungunan cikin Badala ba. In har ƙofar gida yake so, da kuɗin direban da zai ƙarasa da ita.

Takardu kuwa, ban yarda ka sassauta ba ko ɗan'uwanka ne. Sai ka ga takardun kwastam, ka duba lambar shasi da idonka ka ga ta yi daidai da ta takarda. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma mota ɗaya mai matsala tana iya tsayar da tirela da sauran motocin bayin Allah kwana da kwanaki a shinge. Wannan asarar ba farashin da ke rufe ta.

Kafin a ɗora, ka zagaye motar da wayarka a gaban mai ita ko wakilinsa. Ɗauki kowace ƙwarzana, gilashi, fitilu, madubai, lambar kilomita a dashbod. Buɗe but ka ga safaya da jak, ka rubuta. Yawancin rigimar da ake yi ranar sauke lodi a kan abin da ba a duba ba ne ranar lodi. In motar mai tsada ce, ka gaya masa akwai inshorar kaya a hanya, ana lissafa ta ne gwargwadon darajar motar, ya zaɓa da bakinsa.

Zai iya ce maka ai ba wa direba ya tuƙo ta ya fi araha. Sau da yawa gaskiya ne, kada ka musa. Ka dai lissafa masa fetur, da kuɗin direba da na zuwansa Legas, da kilomita 1,000 da za su hau kan injin, da ramukan hanya da damina. Wa ya san irin gudun da za a yi da ita cikin dare?

To ka kira mutumin nan. Tambaye shi irin motar, ko tana tashi, inda take, inda za a sauke, takardunta, da ko zai jira lodi ya cika. Ka kawo mini amsoshin mu zauna mu buga tare. In ka faɗa masa kuɗin, ka ce na kwana 2 ko 3 ne saboda gas, ya ba da kafin alƙalami kafin a ɗora, ciko kuma sai ya ga motarsa a Kano.